Ɗana Yana Rera ABCD Amma Ya Kasa Karanta Kalma Mai Harafi Uku

"Assalamu alaikum Malama. Ɗana shekararsa shida, yana aji ɗaya a wata makarantar kuɗi, bayan ya yi shekara uku a nazare. Tun yana ƙarami yake rera ABCD har ƙarshe, littafin karatunsa ma zuba shi yake yi kamar ruwa. Ranar Asabar na rubuta masa wata kalmar Turanci mai harafi uku wadda ba ta cikin littafin, sai ya tsaya yana kallona. A makaranta sun ce foniks suke yi musu. Babansa ya ce foniks ɗin ne ya rikita shi, a koma masa A for apple yadda aka koya mana. Ni kuma ina so in fara koya masa karatun Hausa a gida, amma ina tsoron kada ya cakuɗe masa da Turanci. Mece ce mafita?" Wata uwa daga Ɗorayi

Wa alaikumus salam. Hajiya, tambayarki uku ce a dunƙule: me ya sa yaron da ya haddace ABCD ya kasa karanta ƙaramar kalma, ko foniks, wato koyar da karatu ta hanyar sautin haruffa, shi ne ya jawo, sannan ko karatun Hausa zai dagula masa Turanci. Na shekara 22 ina riƙe aji ɗaya da aji biyu a cikin birnin nan, a makarantun gwamnati da na kuɗi, kafin in koma horar da malamai, kuma da wuya zangon karatu ya ƙare wata uwa ba ta tare ni a bakin aji da irin wannan damuwar ba. Ki kwantar da hankalinki. A shekara shida ba a makara ba, kuma gwajin da kika yi masa ranar Asabar shi ne wanda ya kamata a ce an yi masa tuntuni.

Abin da ɗanki yake yi hadda ce. Yaranmu Allah ya ba su kaifin riƙe abu da ka. Yaron da zai iya riƙe izu guda na Alƙur'ani kafin ya cika shekara bakwai, shafi goma na littafin nazare ba komai ba ne a wurinsa. Ba na manta wata yarinya da aka kawo mini aji biyu ana yabon karatunta. Ta miƙe da littafi a hannu tana zuba karatu ba gargada, amma idonta yana taga, tana kallon mai tallan awara. Na matsa kusa na ɗora tafin hannuna a kan hoton shafin, na nuna mata kalma ta uku daga ƙarshen layi. Sai ta koma farkon shafi tana rerawa ƙasa-ƙasa, tana ƙirge da yatsa, har ta iso wurin, sannan ta faɗa. Basira kam akwai ta. Abin da ba a taɓa nuna mata ba shi ne cewa baƙaƙen da ke kan takarda su ne suke gaya wa baki abin da zai furta.

Suna daban, sauti daban

Kowane harafi yana da suna, yana kuma da sautin da yake yi idan ya shiga kalma. Waƙar ABCD sunaye take koyarwa. Ɗauki kalmar cat. Idan yaro ya kira sunayen haruffanta zai ce si, e, ti, kuma ko sau ɗari ya maimaita ba za su haɗu su ba da kat ba. Amma idan ya san c tana cewa k, a tana cewa a, t tana cewa t, ya ja su a jere, kalmar za ta faɗo masa a baki da kanta. Foniks ke nan: a koya wa yaro sautin kowane harafi, ya iya haɗa su ya karanta, ya kuma iya warware kalma zuwa sautukanta ya rubuta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Kano. A makarantar allo yaro yakan fara da babbaƙu, ya san alu, ambaki, wau, zal a kan allonsa, amma ba wanda zai ce ya iya karatu sai ya shiga farfaru, an nuna masa wasalin bisa da na ƙasa da rufu'a da ɗauri, ya ji yadda ba take zama bi, ta zama bu, sannan ya fara haɗa baƙi da kansa. Shi ɗanki a boko an bar shi ne a babbaƙu, aka miƙa masa littafi.

Maganar babansa kuwa, ki tambaye shi cikin ladabi ko yana tuna ba, be, bi, bo, bu a ajin Hausa. Da yawanmu da muke zaton A for apple ce ta koya mana karatu, a can muka gane sirrin haɗa baƙi da wasali, muka ɗauko shi muka kawo Turanci ba tare da mun lura ba. Akwai kuma 'yan ajinmu da ba su gane ba, suka gama firamare suna kwafar allo ba su san me suke kwafa ba. Su ba a cika tunawa da su ba idan ana yabon koyarwar da.

Waɗanda Turancin ya zama harshen uwarsu ma sun daɗe suna wannan muhawara. A Amurka, wani kwamitin ƙasa kan karatu ya fitar da rahoto a 2000 wanda ya nuna koyar da sauti bi da bi ya fi barin yaro yana canka daga hoto. A Ingila rahoton Jim Rose na 2006 ya kai ga haka, kuma tun 2012 ake yi wa kowane yaro ɗan kimanin shekara shida gwajin kalma 40, rabinsu kalmomin ƙirƙira ne marasa ma'ana, don a tabbatar karantawa yake yi ba hadda ba. Kin ga kusan gwajinki na ranar Asabar ke nan.

To me ya sa foniks ɗin makarantarsu bai kama ba?

Ban shiga ajin ɗanki ba, amma na shiga azuzuwa da yawa da aka ce ana foniks, kuma matsalolin kusan iri ɗaya ne. Yawancin makarantunmu tsarin Jolly Phonics suke bi, wanda ya zo daga Ingila. Yana da sauti 42 a rukuni bakwai, rukunin farko s, a, t, i, p, n, kowane sauti da 'yar waƙarsa da motsin hannu. Tsarin yana da kyau. An zaɓi waɗannan shida ne don da su kaɗai yaro zai iya haɗa sat, pin, tap, tin tun da wuri. Sai dai a ajujuwa da yawa ana tsayawa a waƙar. Yara su yi ta kaɗa hannu kamar maciji suna sss, iyaye su ji daɗi ranar taron makaranta, amma ba a zauna da su an haɗa sauti uku sun zama kalma ba. Waƙar sauti ta maye gurbin waƙar ABCD, hadda ta canja riga.

Matsala ta biyu daga bakinmu take. Bahaushe bai saba furta baƙi shi kaɗai ba, dole ya jingina masa wasali. Sai ki ji malama tana cewa sa, a, ta, yaro ya haɗa ya sami sa'ata maimakon sat. A Turanci dole a datse sautin, a furta shi gajere ba wutsiya. Ta uku ita ce amshi. Na taɓa riƙe aji mai yara fiye da 100, kuma na san yadda abin yake: malami ya faɗa, aji ya amsa, muryar yara biyar na gaba ta ja sauran, ka fita kana ganin kowa ya iya. Sannan sau da yawa littafin da ake ba yaro ya tafi da shi gida bai dace da sautukan da aka koya masa ba. An koya masa shida, an ba shi shafi mai elephant da umbrella. In ba canka ba me zai yi? Ban ɗora wa malamai laifin duka ba. Da yawansu horon kwana biyu ko uku aka yi musu, albashin bai taka kara ya karya ba, kafin su goge sun bar aikin.

Hausa za ta rikita shi?

Ba za ta rikita shi ba, kuma da ɗana ne da ita zan fara. Turanci yana da harafi 26 amma sautukansa sun kai 44, ga harafi ɗaya yana magana da baki uku ko huɗu. Ki duba a a cikin cat, cake, call. Rubutun Hausa na boko kuwa mai gaskiya ne: wasali biyar, a, e, i, o, u, kuma kusan abin da kika gani shi za ki furta. Gaɓoɓinmu ma masu sauƙi ne, baƙi da wasali, wani lokaci da baƙin rufewa kamar a kan ko tak. Wani bincike da aka buga a 2003 ya kwatanta yaran ƙasashen Turai, ya gano cewa masu harsunan da rubutunsu ya yi daidai da furucinsu, irin su Italiyanci da Jamusanci, sukan iya karanta kalmomi kusan ba kuskure a ƙarshen shekarar farko, masu Turanci kuwa sukan ɗauki fiye da ninki biyu na wannan lokacin. Waɗannan fa yara ne da Turancin suka sha a nono.

Ga kuma babban dalili. Idan ɗanki ya haɗa na da ma ya ji nama, fuskarsa za ta washe, don ya san nama, ya ci shi jiya. Kunnensa ne zai gaya masa ya yi daidai. Idan ya haɗa p, i, n ya sami pin, bai san ko ya dace ko ya kuskure ba, sai ya kalli fuskarki. Sau ɗaya ake koyon dabarar haɗa sauti a rayuwa, kuma ta fi saurin zama a harshen da yaro yake mafarki da shi. Idan ta zauna, m, n, s, t, b, d, l, k duk za su bi shi zuwa Turanci da sautinsu.

Ba ra'ayina kaɗai ba ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ma ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen gida a shekarun farko na firamare. Shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, dukansu shirye-shiryen koyar da karatu ne, kuma da gaɓoɓin Hausa suka fara. A nan Kano, shirin KaLMA da aka gwada daga 2019 a Dawakin Tofa da Wudil ya ɗauki 'yan aji huɗu zuwa shida ya rarraba su gwargwadon abin da kowa ya iya, wasunsu daga harafi aka sake faro musu. Duk lokacin da na tuna cewa ɗan aji shida ne ake mayarwa kan harafi, sai in ƙara jin nauyin aji ɗaya a wuyana.

Akwai wuraren da harsunan biyu suka saɓa, kuma gara ki san su ki gaya masa a fili. Harafin c a Hausa na cokali ne, a Turanci na cat. Sunan e a Turanci yana kama da sautin i na Hausa, sunan a kuma yana kama da e ɗinmu, wanda shi ma dalili ne na ajiye sunaye a gefe tukuna. Yara ba sa wahala da wannan idan aka ce musu: yanzu Hausa muke yi, yanzu kuma Turanci. Ai kullum ɗanki yana tashi daga boko ya tafi Islamiyya, ya karanta daga dama zuwa hagu. Wani lokaci zai faro rubutun boko daga dama, ko ya juya b ta zama d. A shekara shida wannan ba abin tashin hankali ba ne, yana wucewa.

Yadda za ki yi a gida

Minti goma sha biyar a rana sun isa, amma kullum. Ki zaɓi lokacin da ba yunwa ba barci, ba kuma daidai dawowarsa daga Islamiyya a gajiye ba. A gidana bayan sallar Magariba ya fi yi mana.

Ki fara da kunne kafin ido. Kwana uku ko huɗu na farko ba takarda ba fensir. Ku tafa gaɓoɓin suna da na kayan gida: ta-kal-mi tafi uku, tu-kun-ya tafi uku, ru-wa tafi biyu. Ki ce masa, me ya fara da irin sautin da ke farkon madara? Ya nemo miki masara, mota, muciya. Ki rarraba kalma ki ce ya canka: ƙo... sai. Kada ki raina zaurance da karya-harshe irin na ƙato da kwaɗo da ƙoto. Yarinyar da ta iya juya gaɓoɓin kalma don ta ɓoye wa ƙaninta zance ta riga ta yi rabin aikin foniks, ban taɓa ganin mai iya zaurance da ta sha wuyar haɗa baƙi ba.

Daga nan sai haruffa, kuma ba a jeren ABCD ba. Ni da a, m, n, k, i nake farawa, ƙananan haruffa, ɗaya a kwana biyu. Ki tara murafun robar lemo ki rubuta harafi ɗaya a kan kowanne, baƙaƙe da launi ɗaya, wasula da wani. In babu, ki yanka kwalin taliya. Ki zuba ɗan yashi ko gari a faranti ya zana harafin da yatsa yana furta sautinsa. Ga inda aikin yake: ki ajiye murfin m a hagu, na a a dama, ki riƙa turo m a hankali kina jan sautin, mmm, har ya taɓa a, ki ce ma. Ki cire a ki sa i, ya ce mi. Ki bar shi ya tura da hannunsa. Da waɗannan biyar kaɗai zai karanta mama, kaka, nama, kai, nan, ina, har da jimla sukutum: Kaka na nan. Ina nama? Ki rubuta masa su a takarda ba hoto ko ɗaya. Ranar da ya karanta jimlar da bai taɓa ji daga bakinki ba, ki kira babansa ya zo ya gani.

Idan ya tsaya a kalma, kada ki yi saurin faɗa masa, kada kuma ki ce ya duba hoto. Ki sa yatsa a ƙarƙashin harafin farko ki ce, wannan me yake cewa? Ki ƙirga biyar a zuciyarki kafin ki taimaka. Kowane zama ki rufe shi da 'yar shifta, kalma biyu ko uku, ki faɗa ya rubuta, don rubutu ne yake kafe abin da aka karanta. Bulala da tsawa kuwa ki nisanta su da wannan zama. Yaron da yake tsoro canka yake yi don ya tsira, mu kuma cankar muke so mu raba shi da ita.

Haruffa masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ, ki kawo su bayan ya riƙe b, d, k sosai, kuma ki kawo su da kalmomin da za su ba shi dariya: baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari. Sh, ts, ky, gw da 'yan'uwansu ki ce masa haruffa biyu ne masu magana da murya ɗaya. Yaro mai shekara shida da ake zama da shi kullum, a abin da na saba gani, cikin wata uku zuwa huɗu yakan fara karanta gajerun jimlolin Hausa da kansa. Daga nan gari duka littafi ne: rubutun bayan adaidaita sahu, allunan shaguna a hanyar Kasuwar Rimi, sunan unguwa a jikin kwano.

Turancin makaranta ba za ki dakatar da shi ba. Bayan mako uku ko huɗu ki raba zaman biyu, ki ɗauko s, a, t, i, p, n da murafunki, ki datse sautin. Wurin p da f sai kin yi haƙuri, don a bakin Bakano kusan abu ɗaya ne. Ki riƙe 'yar takarda a gaban leɓensa: a p leɓɓa suna haɗuwa su fashe, takardar ta yi tsalle, a f ta Turanci kuwa haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa iska ta zirara. Haka kalmomi irin stop, zai so ya ce sitof, sai ki sa ya ja sss ɗin ya faɗa kan t kai tsaye. Wasu kalmomin kamar the, said, one ba sa bin ƙa'ida, su kam a koya masa su kaɗan-kaɗan, biyu ko uku a mako.

Inda foniks ya tsaya

Foniks yana buɗe kalma ne, ba ya ba da ma'anarta. Na ga yara masu karanta shafin Turanci tsaf, ki tambaye su me aka ce su yi shiru. Ko rahoton nan na Amurka abu biyar ya lissafa da karatu yake buƙata, sauti da haɗa shi biyu ne kawai, sauran su ne karatu ba gargada, yawan kalmomi, da fahimta. A Hausa ma haka ne, tunda rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Fara ta ci gero, fara ce rigar, ya fara kuka, duk rubutu ɗaya ne, ma'anar jimla ce take raba su. Don haka kada ki bar tatsuniya. Ki ce ga ta nan ga ta nanku, ki tsaya a tsakiya ki tambaye shi me yake gani Gizo zai yi. Ki karanta masa littafin da ya fi ƙarfinsa, na Hausa da na Turanci, yana kwance a jikinki yana saurare.

Sannan ni daga wasiƙarki nake magana, ban zauna da yaron ba. Idan kin yi wata uku kuna zama kullum amma sauti biyar ɗin nan sun ƙi zama, yau ya riƙe gobe kamar bai taɓa gani ba, ko ba ya iya jin cewa mota da madara farkonsu ɗaya, to a fara da duba kunne da ido a asibiti, musamman in ya taɓa fama da ciwon kunne mai zubar da ruwa ko yana matso da takarda dab da fuska. Akwai kuma yaran da basirarsu lafiya lau amma haɗa sauti da harafi yake yi musu nauyi fiye da sauran. Ba daƙiƙai ba ne, kuma maganinsu wannan hanyar ce dai, a hankali, da maimaici mai yawa, tare da malamin da ya san aikin.

Ki je makarantar a wannan makon, ba da faɗa ba. Ki roƙi malamarsa ta rubuta miki sautukan da suka yi zuwa yanzu, ki tambaye ta sau nawa a mako take sauraron kowane yaro shi kaɗai, ki kuma nemi ta haɗa kalma uku sababbi daga waɗannan sautukan ta ba shi a gabanki. Abin da kuka gani tare shi zai nuna muku inda za ku faro. Bayan mako shida ki sake rubuto mini, ki gaya mini haruffa nawa ya riƙe da kuma jimlar farko da ya karanta da kansa.